Dattijon da Bai Ji Kabbara Ba



Ranar Talata da la'asar, a masallacin nan, wani dattijo ya daɗe a sujada bayan jama'a sun ɗago. Kabbarar ce bai ji ba. Da aka sallame, samari biyu suka riƙa zungurin juna suna ƙunshe dariya. Mutumin da ya yi furfura a sahun gaba, shi ake wa dariya a ɗakin Allah!

Bai ji ba ne, jama'a. Uban da aka yi wa sallama ya yi shiru, ake cewa girman kai, bai ji ba ne. Tsohuwar da jika ya kira sau uku, ake cewa rikicin tsufa, ba ta ji ba ne.

Likitoci sun ce a can cikin kunne akwai ƙwayoyi masu kama da gashi da ke karɓar sauti. Shekaru na kashe su, kuma ba sa sake tsirowa. Siririyar murya ke fara ɓacewa, shi ya sa tsoho kan ji namiji ya kasa jin yaro. Ƙarar injin niƙa da janareto, hawan jini da ciwon suga, duk suna ƙara ta'azzara abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da raunin ji mai tsanani.

Suratul Isra'i, aya ta 23, ta hana ɗa nuna ko da ƙosawa ga iyayen da suka tsufa. Ina ga mai daka musu tsawa?

Saboda haka, daga Sandamu har Fago da Karkarku, mai tsoho a gida ya fuskance shi in zai yi magana. Ya kashe rediyo. Ya yi magana a hankali, ya maimaita ba tare da tsaki ba. Kada a sa tsinken ashana, gashin kaza ko mai a kunne. A kai shi asibiti a Daura a duba, don wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe. In abin ya wuce nan, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, inda ake gwada ji a ba da na'urar taimako. 'Ya'ya su haɗa kuɗin mota.

Daga yau, a bar wa dattawa wurin da ke kusa da lasifika, wanda ke gefensu ya taɓa su in liman ya ɗago.