Idan idda ta ƙare, ba ka da iko da ita

Tambaya ɗaya ke ta maimaituwa a saƙonninku, daga cikin garin Haɗeja har Auyo da Guri: aure ya mutu, idda ta ƙare, amma tsohon miji ya ƙi sakin baiwar Allah ta huta. Ya tare ta a hanyar kasuwa, ya bi ta fadama lokacin yankan shinkafa, ya kira ta tsakar dare da baƙuwar lamba, duk bazawarin da ya fito ya aika masa da barazana. Wai me shari'a ta tanada?

Malam, a saki ɗaya ko biyu kana da damar kome matuƙar tana cikin idda. Ko a nan ɗin ma aya ta 231 a Suratul Baƙara ta hana riƙe mace don a cutar da ita. Da zarar idda ta cika, ko an yi khul'i, kai da kowane namiji a titi ɗaya kuke. In kana son ta, ga waliyyinta can, ka nema kamar kowa. In ta ce a'a, magana ta ƙare.

Ku tuna ƙissar Barira da Mugisu a Bukhari. Ta zaɓi rabuwa, shi kuwa yana bin ta yana kuka, hawaye har gemu. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi mata magana ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya nuna mata ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙata, kuma aka bar ta. To wane ne kawu ko gwaggo da zai tilasta? Mugisu ma fa kuka ya yi, bai zare wa kowa ido ba.

'Yar uwa, kada ki goge saƙonninsa, ki adana su tare da muryoyin da ya turo a WhatsApp, ki riƙe rana da wurin da ya tare ki da waɗanda suka gani. Alƙali da hujja yake aiki. Waliyyinki ya fara da mai unguwa ko Hisba, a sa shi ya rubuta alkawari gaban shaidu. In ya karya, a wuce kotun shari'ar Musulunci. Cutarwa ce, alƙali na da ikon tsawatarwa da ta'aziri. Amma in ya ambaci kisa, ko duka, ko ya nuna makami, babu zancen sulhu, ofishin 'yan sanda za a nufa a ranar.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar VAPP ta tarayya ta 2015 ta sa bibiyar mutum cikin laifuka, ta kuma tanadi umarnin kariya daga kotu, wato a hana shi kusantarki. Jigawa ta yi tata dokar a 2021. Barazana ta waya ko intanet kuwa tana ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015.

Iyaye, ni dai ban ga tonon asiri a kai ƙara ba. Mai tsayawa a ƙofar gidanku kullum bayan isha'i, ai ya riga ya tona.

Sai masu fakewa da "'ya'yana na zo gani". Haƙƙinka ne ka gan su, amma a mazhabarmu ta Malikiyya reno na uwa ne, ciyarwa naka. A nemi alƙali ya yanka rana da wuri, a gidan kakanni ko ta hannun wani dattijo, ba sai kun haɗu ba. Wallahu a'alam.