Abin Lura: Kayan da Rariya Ba Ta San Su Ba

Maginan da, a Kurawa da sauran garuruwan Gobir, ba sa gama katanga sai sun bar wata 'yar kafa a gindinta, daidai inda tsakar gida ta fi gangare. Ruwan wanka da na wanke-wanke da na alwala su bi ta wannan rariya su fita lungu, ƙasa ta sha rabi, rana ta ɗauke saura. Abin da ke biyo ruwan a wancan zamani bai wuce tsaki da ƙanzo da toka da kumfar sabulun salo ba, kuma kafin ya yi nisa kaji da agwagi sun tsince rabonsu. Faɗin kafar yana nan yadda yake. Abin da ake tura mata ne ya sauya, tun da kasuwa ta cika mana gidaje da kayan da ba sa ruɓewa.

A fara da maiƙo, don shi ya fi yaudara. Ragowar man suya da romon kitse suna fita daga tukunya da zafinsu, ruwa-ruwa, sai su daskare a bakin rariya, su kama yashi da toka da gashin tsifa. Ledar ruwa ɗaya ta zo ta lafe a kai, shi ke nan ƙofa ta rufe. Ba a ganewa sai daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Uwar gida ta fito da tocila a hammata, ruwa har idon sawu, tana zungurar kafar da karan dawa, ta jawo wani baƙin curi mai santsi da wari. Kafin nan gindin katanga ya riga ya sha ya ƙoshi. Ginin laka kuwa ta ƙasa yake mutuwa: ya jiƙe, ya kumbura, ya riƙa zubar da ɓawo, wata rana a ji rugum. Ko Turawa masu bututun ƙarƙashin ƙasa ba su tsira ba. A 2017 an tono curin kitse da tsummokan goge jiki a unguwar Whitechapel ta Landan, nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250.

Toshewa dai mai gida take ci, kuma yana gani. Wanda ya fi damuna shi ne abin da ke wucewa salin-alin. Mai injin ban ruwa ya juye baƙin mai a tsohon kwano, ɗan acaɓa ma haka, mai janareta ma haka, a tuttule a kwata. Washegari ka ga saman ruwan lungu yana walƙiya, shuɗi da ja da kore, yara suna wasa da shi da tsinke. Ka yi magana a ce maka, "Haba Malam, ai ɗan kaɗan na, yanzu ruwa shi tafi da shi." To, ina za shi? Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya na mota yana iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwa mai kyau. A nan lungu kududdufi yake kaiwa, inda awaki ke sha, ake kuma ɗibar ruwan kwaɓin gini. Idan damina ta yi nisa kududdufi ya tumbatsa ya gangara fadama, inda ruwan ƙasa yake kusa har rijiya ba ta buƙatar dogon guga. Daga fadama kuma sai gulbi: gulaben Bunsuru da Gagare suna haɗuwa ta wajen Isa, gulbin Maraɗi ya shigo ta ƙasar Sabon Birni, gulbin Rima ya kwashe duka ya kai madatsar Goronyo, wadda birnin Sakkwato ke sha daga gare ta.

Haka manomi zai dawo daga feshi ya ɗauraye jakar goyo a bakin rariya, a daidai wurin da ake wanke kwanonin tuwo. Ragowar fiya-fiya da maganin ciyawa ba su da gurbi a nan ko kaɗan. Ƙa'idar malaman gona ita ce a ɗauraye robar sau uku, a mayar da ruwan cikin injin feshi a ƙarar da shi a gona, sannan a huda robar don kada gobe wani ya zuba mata man gyaɗa.

Masai ma an mayar da shi juji. Famfas da audugar mata da leda ba sa narkewa, sai ramin da ya kamata ya yi shekaru ya cika da wuri, musamman yanzu da rashin tsaro ya koro 'yan'uwa daga ƙauyuka, gida ɗaya yana ɗauke da iyali biyu ko uku. Wasu kuma kananzir ko baƙin mai suke zubawa wai don kashe wari, alhali suna kashe ƙananan halittun da ke cinye ƙazantar ne, man kuma ya tsiyaya ya nufi rijiya. Masana tsafta suna son a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Gidaje nawa ne a tsohon gari ke da wannan fili? Ramin da ya cika ya yi ambaliya cikin ruwan sama shi ne hanyar amai da gudawa, cutar da ta kashe mutum sama da 3,600 a Nijeriya a 2021, Sakkwato tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Yawancin kayan nan suna da wurin zuwa. Maiƙo a bar shi ya huce, a kwashe da toka a kai bola. Baƙin mai a tara a jarka, masu injin yankan katako suna nema. Batirin mota da na sola ne har yanzu ba su da mafita mai kyau. 'Yan jari-bola suna saye da daraja saboda dalmar ciki, amma sau da yawa sai sun tsiyaye ruwansa a ƙasa kafin a ɗora a sikeli, ruwan nan kuwa asid ne gauraye da dalma. Maƙwabtanmu na Zamfara sun san aikin dalma tun 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum.