Gurbin Karatu: Na Mai Ƙoƙari Ne Ko Na Mai Dukiya?

'Yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu leƙa ƙasar Amurka ne, domin mu duba wata mas'ala wadda ta shafi amana da adalci, watau yadda dukiyar iyaye ke buɗe wa 'ya'yansu ƙofofin manyan jami'o'i, waɗanda masu neman shiga cikinsu suke da yawa, gurabe kuwa kaɗan.

A watan Maris na shekarar 2019 hukumomin ƙasar suka gurfanar da mutum kimanin 50 a gaban shari'a. Jagoransu wani ne mai suna Rick Singer, wanda ya karɓi kusan dala miliyan 25 daga hannun attajirai a tsakanin 2011 da 2018. Da wannan kuɗi yakan sa a gyara wa yaro amsoshin jarrabawa, ko kuwa ya sayi mai horad da 'yan wasa na jami'a, shi kuma ya shaida cewa yaron gwani ne a wasan da bai taɓa yi ba. Wata 'yar wasan kwaikwayo, Lori Loughlin, da mijinta sun biya dala 500,000 don a ɗauki 'ya'yansu mata biyu a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a kan cewa 'yan tseren kwale-kwale ne. Ta yi wata biyu a kurkuku, shi kuwa Singer aka yanke masa shekara uku da rabi a 2023.

Shi wannan mutum ya ce ƙofofin shiga jami'a uku ne: ƙofar gaba, wadda ɗalibi ke bi da ƙoƙarinsa, ƙofar baya, wadda uba ke buɗewa da kyautar miliyoyi ga jami'a, kana ƙofar gefe, wadda shi ya ƙirƙira. Ta gefen ba ta bukatar dogon bayani. Rashawa ce haɗe da shaidar zur, hadisi kuma ya tabbatar da la'ana a kan mai bayarwa da mai karɓa.

Inda maganar take shi ne ƙofar baya, domin ita dokar ƙasar ba ta hana ta ba. Takardun da suka fito a shari'ar da aka yi da Jami'ar Harvard sun nuna cewa cikin 'ya'yan tsofaffin ɗalibanta da suka nemi shiga a 'yan shekarun da aka bincika, an ɗauki kimanin ɗaya cikin uku, alhali sauran masu nema kusan 6 ne kawai cikin ɗari suka samu. A 2023 kuma masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa biyu suka bincika manyan jami'o'i 12, suka gano cewa ɗan gidan da ke cikin kashi ɗaya bisa ɗari na mafiya arziki ya ninka ɗan mai matsakaicin hali fiye da sau biyu wajen samun kansa a ciki, ko da makinsu na jarrabawa ɗaya ne. Mai karatu ya lura da wannan: makinsu ɗaya.

Masu kāre wannan al'ada suna da hujja, bai kuma kamata mu yi watsi da ita ba. Suna cewa da kyautar attajirin nan ake gina ɗakunan karatu, ake kuma ɗaukar nauyin 'ya'yan talakawa masu yawa, saboda haka gurbi guda da aka ba ɗansa ya haifi gurabe goma. Har wani zai iya ƙarawa da cewa ai malaman fiƙihu sun yarda mai yin waƙafi ya gindaya sharaɗi, har ma ya keɓe amfaninsa ga zuriyarsa. Haka ne. Amma mai waƙafi yana hukunci ne a kan dukiyarsa, a fili, a gaban shaidu. Gurbin jami'a kuwa ba mallakar mai kyauta ba ne. Jami'ar ta yi shela cewa za ta auna kowa da mudu ɗaya, an yafe mata haraji, tana kuma cin kuɗin bincike daga baitulmalin jama'a, watau har da gumin uban yaron da aka tura waje.

Ma'aunin da ya fi dacewa a nan, a ganina, shi ne ƙissar Ibnul Lutbiyya, wadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aike shi karɓar zakka, da ya komo sai ya ware wani abu ya ce wannan kyauta ce aka yi masa. Sai aka nuna masa cewa da ya zauna a gidan iyayensa, da ya ga ko kyautar za ta iske shi can. To, mu juya tambayar ga jami'a: da attajirin nan ba shi da ɗa mai shekara goma sha bakwai, da ya ba da kyautar a wannan shekara? In amsar a'a ce, to sunanta ne kawai kyauta. Al'adar fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai ma asalinta ba mai kyau ba ne, gama ta yi ƙarfi ne a shekarun 1920, lokacin da jami'o'in ke neman dabarar rage yawan 'ya'yan Yahudawa baƙin haure, waɗanda suka riƙa cin jarrabawa.

Ƙofar gaba ita kanta ba a miƙe take ba. Ɗan mai hali yana da malamin gida, da makarantar da malamanta suka iya rubuta wasiƙar yabo, da wasannin da sai mai kuɗi ke iya yi. A nan ban ga laifin uba ba ko kaɗan, domin ilmantar da ɗa wajibi ne a kansa gwargwadon ikonsa. Nauyin yana wuyan mai zaɓe ne, wanda ya kamata ya san cewa yarinyar da ta ci maki ɗaya da ɗan attajiri, alhali tana aiki a kanti da maraice don taimakon uwarta, ta yi tafiyar da ta fi tasa nisa. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan makaho mai neman sani, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo a lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishawa. Manufar ganawar mai kyau ce, fatan su musulunta jama'a su bi su, duk da haka hukuncin ya faɗo a ɓangaren makahon.

An fara gyara kaɗan-kaɗan. Jami'ar Johns Hopkins ta daina fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibanta tun 2014, Kwalejin Amherst ta bi sahu a 2021, jihar Kalifoniya kuma ta kafa doka a 2024 wadda ta hana jami'o'i masu zaman kansu fifita ɗan tsohon ɗalibi ko ɗan mai kyauta. Sai dai hukuncin da dokar ta tanada ga jami'ar da ta saɓa mata bai wuce ta ba da rahoto a kuma buga sunanta ba.