Nama Halal Ne, Amma Ciki Amana Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya yi Sallar Layya a Tawa ya san yadda ake jera raguna a kan itace kewaye da wuta tun hantsi har dare, washegari a raba, sauran kuma a soya a ajiye, a yi makonni ana ci. Ni'ima ce daga Allah. Nama halal ne, Manzon Allah (SAW) ya ci, har an ruwaito yana son karfata. Sai dai Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa wata kan wuce ba a hura wuta a gidansa ba, dabino da ruwa kawai ake samu. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar (RA) ya yi kashedi game da nama, domin yana kama mai cinsa kamar yadda giya ke kama mashayi.

Likitoci ma sun zo da nasu gargaɗin. A watan Oktoba na 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko maganin adanawa, kamar naman gwangwani da busasshen nama dangin kilishi, cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin babban hanji. Cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin 100. Jan nama kuwa, na sa da rago da akuya, ta ce mai yiwuwa ne shi ma yana jawo cutar. Gashin da ya ƙone ya yi baƙi yana fitar da sinadarai masu cutarwa, yawan gishiri kuma yana tayar da hawan jini.

Shehunnan tarbiyya sun daɗe suna horon muridi da rage ci, domin cikakken ciki yana kawo nauyin jiki da gyangyaɗi a wazifa. Wanda tsire da balangu suka zame masa na kowane dare, nafsinsa ne ke jan akalarsa, ko da tasbaha na hannunsa.

A ƙauyukan Adar kuwa akwai gidajen da ba sa ganin nama sai layya ta zagayo, ga masu ciki da yara suna fama da ƙarancin jini, alhali nama na daga cikin abin da ke gyara shi. Tsokar da za ta zame wa ƙosasshe cuta, ga waɗannan magani ce. Don haka muridi ya ci kaɗan, ya yawaita wake da zogale, ya guji ƙonannen gashi, ragowar kuma ya miƙa wa maƙwabci tun bai roƙa ba.

Allah Ya ba 'yan'uwa lafiyar da za su tsaya ga wuridi har ƙarshen rayuwa, albarkacin Annabi (SAW). Amin.