Haƙurin Ɗan Caca

A cikin masu cacar sukuwar dawaki akwai wani rukuni da ba sa yarda a kira su 'yan caca. Su a wurinsu abin ilimi ne. Suna da littafi, suna rubuta sunan kowane doki da mahayinsa da nauyin da ya ɗauka, kuma akwai tambayar da suke yawan kawo wa masu lissafi: idan tsarina yana ci sau ɗaya cikin uku, sau nawa zan iya faɗuwa a jere kafin in sake ci? Tambayar tana da amsa, kuma ni da nake koyar da lissafi a Maraɗi na san ta. Abin da ya dame ni shi ne irin aikin da amsar take yi a zuciyar wanda ya karɓe ta.

Dawakan ma ba namu ba ne. A Faransa suke gudu, a filayen Vincennes da Longchamp da Auteuil, mu kuwa muna sayen tikiti a 'yar rumfar PMU da ke bakin hanya. A Faransa aka kafa kamfanin cacar PMU a 1930, aka ƙirƙiro cacar Tiercé a 1954, ta Quinté kuma a 1989. Ana tara kuɗin kowa wuri guda, a fara cire rabon kamfani da na gwamnati, sannan a raba abin da ya rage ga waɗanda suka dace. Tun doki bai ɗaga ƙafa ba, abin da zai dawo hannun jama'a bai kai abin da suka zuba ba.

Ga lissafin. Dokin da aka fi sa wa rai yakan zo na ɗaya kusan sau ɗaya cikin uku, ya sha kaye sau biyu. Yiwuwar mai binsa ya faɗi sau 10 a jere ita ce biyu bisa uku a ninka ta da kanta har sau goma, abin da ya zo kusan 1 cikin 58. Mutum zai ce ai da sauƙi. To amma wanda ya zuba kuɗi sau 1,000 ya buɗe wa wannan jeri ƙofa sau ɗaruruwa, saboda haka faɗuwa mafi tsawo da ya kamata ya sa rai da ita takan kai 15 zuwa 17. In tsarinsa sau ɗaya yake ci cikin biyar, jerin yakan kai 25 zuwa 30. Mai neman jera dawaki biyar na farko daidai cikin 16 kuwa, hanyoyin jera su sun kai 524,160. Wannan ilimi ba na jiya ba ne. Tun 1718 Abraham de Moivre ya buga littafinsa kan lissafin sa'a a Landan.

Wani tela a unguwarmu ya kawo mini littafinsa wata rana bayan la'asar, irin na 'yan makaranta mai layi, ya raba kowane shafi gida huɗu da jan biro. Ya faɗi sau 12 a jere. Tsarinsa shi ne ya ninka kuɗi duk lokacin da ya faɗi, daga dala arba'in, wato sefa 200. Na nuna masa cewa mai ninkawa, in ya faɗi sau 10, ya riga ya zubar da sefa 204,600, kuma zubi na gaba yana neman 204,800. Shi ya daina ninkawa tun a na bakwai, don aljihu ya ƙi. Ya saurare ni sosai, ya ɗora yatsa kan lambar 17 da na rubuta, ya ce, "To Malam, ashe saura biyar ke nan. Zan yi haƙuri."

Wannan magana ce ta sa na zauna rubutun nan. Babu wani saura biyar. Dokin da zai yi gudu gobe a Vincennes bai san an faɗi sau 12 a Maraɗi ba, kuma yiwuwar faɗuwa a zubi na 13 tana nan biyu bisa uku, kamar ta ranar farko. A gidan caca na Monte Carlo, ran 18 ga Agusta 1913, ƙwallon teburin caca ta faɗa baƙin gida sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya kan ja suna cewa lokacinsa ya yi. Lamba 17 tana bayyana abin da aka saba gani ne idan an dubi zubi dubu daga nesa. Ba ta yi wa kowa alkawarin ranar ƙarewa ba.

Abin da ya fi kuskuren lissafin nauyi a wurina shi ne kalmomin da telan ya ɗauko ya rufe shi da su. Haƙuri, rabo, bayan wuya sai daɗi. Da su iyayenmu suka tsallake fari da rashin lafiya da mutuwar 'ya'ya, kuma sun yi musu aiki saboda akwai Wanda ya yi alkawari a bayansu. Mai haƙuri kan jarrabawar da bai janyo wa kansa ba yana da lada ko da abin bai yaye ba a duniya. Manomin da ya shuka gero ya zauna jiran ruwa ya yi abin da ake yi a samu hatsi, jiransa yana kan hanyar da Allah ya shimfiɗa. Mai tikiti kuwa yana jiran biyan bashi ne daga wurin da ba a ci masa bashi ba, kuma kowace safiya shi da ƙafarsa yake zuwa ya sabunta wahalar.

Addini bai tsani doki ba, bai tsani tsere ba. Ya zo a Bukhari cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa an yi tseren dawaki a Madina daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. Malaman fiƙihu sun halatta kyauta a tseren dawaki da raƙuma da harbi idan shugaba ko wani na gefe ne ya sa ta, domin ana horar da dabba da mahayi ne. Abin da suka hana shi ne kowa ya zuba, wani ya kwashe na sauran. A Baƙara, aya ta 219, Alƙur'ani bai musanta cewa caca tana da ɗan amfani ga mutane ba, sai dai ya auna ya nuna zunubin ya rinjaya. A Ma'ida, aya ta 90 da 91, hani ya zo kai tsaye, tare da dalilinsa: gaba da ƙiyayya, da shagaltar da mutum daga ambaton Allah da salla. Na ga wannan shagala da idona, mutum na sahu yana lissafin lambobin gobe da yatsun da ya kamata su yi tasbihi.

Ina ganin mai littafi ya fi ɗan caca jahili shiga haɗari. Jahilin in ya sha kaye sau goma yakan tsorata, ya ce yau ba sa'a, wani lokaci ma ya tuba. Mai littafin an riga an gaya masa cewa faɗuwa 17 ba komai ba ce, saboda haka duk asarar da ta zo sai ta zama shaida cewa tsarinsa yana tafiya yadda aka faɗa. Ya toshe ƙofar da gargaɗi zai shigo. Kuma ba shi da hanyar ganewa da wuri ko tsarin nasa ma yana da kyau. Tsarin da ke ci sau 33 cikin 100 jerinsa mafi tsawo yakan kai 17, wanda ke ci sau 30 cikin 100 nasa yakan kai 19. Na farkon yana iya riƙe mutum, na biyun yana cinye shi a hankali, amma wanda yake tsakiyar faɗuwa ta 12 ba zai iya bambance su ba. Kafin lissafi ya raba su da ɗan tabbaci sai an yi zubi wajen 1,000. Ga mai sayen tikiti ɗaya kullum, kusan shekara uku ke nan yana biya, yana jira a gaya masa ko tun farko ya kamata ya fara.