Tunatar Da Iyaye A Kan Kunya Da Amanar Yara

 

Wannan 'yar waƙa ce ƙwar biyu, baiti goma sha huɗu, tare da sharhinta. Na tsara ta domin 'yan'uwana Musulmi na Tamale da sauran zangunan Gana. Mas'alar da ke cikinta ɗaya ce: shin sanar da yaro da yarinya hukuncin jikinsu, da yadda za su tsare shi daga azzalumi, ya saɓa wa kunya? Ko kuwa yin shiru ne ya saɓa wa amana?

1. Na fara da sunan Rabbana Mai tsare bayi,
Salati ga Ɗan Amina, fitilar shiriya.

2. Ina da kira gare ku, mazauna Tamale,
Iyaye da malamai, ku ba ni kunnen zuciya.

3. Kunya ado ce, tana cikin imani,
Amma shiru bisa cuta, kar ku ce masa kunya.

4. Kura tana son gari ya yi tsit da dare,
Mai ɓarna ma shirunmu ne ya ba shi hanya.

Sharhi: Ku sani, Allah ya yi mana rahama da ni da ku, kunya iri biyu ce a wurin malamai. Akwai wadda ke hana bawa saɓon Ubangijinsa, ita ce abar yabo. Akwai kuma wadda ke hana shi tambayar abin da ya wajaba ya sani, ko faɗin gaskiyar da ta wajaba ya faɗa. Wannan ta biyun malamai sun ce rauni ne da gazawa, sunan kunya kawai ta ara.

Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Ummu Sulaim, Allah ya yarda da ita, ta zo ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wanka yana wajaba a kan mace idan ta yi mafarki. Ya ba ta amsa, bai tsawata mata ba. Uwar Muminai A'isha kuwa ta yabi matan Ansaru saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. To, wane ne a cikinmu ya fi waɗannan bayin Allah kunya?

Mai cutar yara ya san halin gidajenmu sarai. Galibi ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko ɗan haya, ko dangi, ko mai sayen kayan talla, ko wanda aka ba amanar karatu. Ya san yarinyar ba ta da kalmar da za ta faɗi abin da aka yi mata, kuma ya san in ta buɗe baki ita za a fara duka. Da wannan shiru yake fakewa.

5. Ku buɗe Risala, ku buɗe Ahalari,
Haila da wanka suna ciki, an faɗa da gaskiya.

6. Don yara aka tsara ta tun can Ƙairawan,
Mu ne muka tsallake babin, muka juya baya.

Sharhi: Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, wato 996, ya bayyana a gabatarwar Risala cewa an roƙe shi ya rubuta ta ne domin a koyar da yara, kamar yadda ake koya musu haruffan Alƙur'ani. Duk da haka babin farko na fiƙihu a cikinta ya rarrabe maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ya yi bayanin jinin haila da na biƙi, da abin da ke wajabta wanka. A gabatarwar kuma ya ambaci umurtar yara da salla suna da shekara bakwai, da raba musu makwanci suna da shekara goma. Ahalari da Ishmawi da Iziyya, waɗanda almajiri ke fara fiƙihu da su a zaure, duk sun kawo hukuncin tsarki da wanka. Alƙur'ani mai girma kansa, a Suratun Nur aya ta 58, ya koya wa yaran da ba su balaga ba neman izini kafin su shiga wa manya a lokuta uku: kafin sallar Asuba, da tsakar rana lokacin tuɓe tufafi, da bayan sallar Isha'i.

Ashe ilimin nan namu ne, ya fi shekara dubu a hannunmu. Abin da ya faru shi ne, malami yakan iso babin ya karanta Larabcin da sauri, ya ƙi fassarawa. Uwa ta bar wa malama, malama ta bar wa uwa, yarinya ta ga jinin farko ta ɗauka ciwo ne ya same ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da almajirai safe da yamma, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukuncin tsarkinsu da sallarsu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis suna kai ilimi ga matan ƙauyuka. Zargin Shehu bai tsufa ba.

7. Da gwamnati ta zo da nata mun ce ba mu so,
To ina namu? Ku amsa mini wannan tambaya.

8. In ka hana ɗanka ruwan kududdufi ya sha,
Ya zama wajibinka ka haƙa masa rijiya.

Sharhi: A watan Satumba na 2019 ƙasar Gana ta ɗauki zafi a kan wani tsari na koyar da ilimin jima'i a makarantu, wanda aka ce za a fara tun daga ƙananan azuzuwa. Shugabannin Kirista da na Musulmi suka ƙi shi, har da ofishin Limamin Ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu. Ministan Ilimi na lokacin, Dakta Matthew Opoku Prempeh, ya fito ya ce abin ba ya cikin manhajar da aka amince da ita. Shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, shi ma ya ba da tabbacin haka a watan Oktoba. Ƙura ta lafa.

Iyaye suna da haƙƙin sanin abin da ake zuba wa 'ya'yansu a kunne, kuma suna da haƙƙin ƙin abin da ya saɓa wa addininsu. Ban ga laifin wannan ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Hukumar Lafiya ta Gana ta ƙidaya 'yan mata 109,888 masu shekara 10 zuwa 19 da suka yi ciki a shekara ta 2020 kaɗai. A cikinsu 2,865 shekarunsu tsakanin 10 ne da 14, wato kusan yarinya takwas kowace rana. Dokar laifuffuka ta ƙasa, ta 1960, ta ce duk wanda ya kusanci yaro ko yarinya da ba su kai shekara 16 ba ya yi babban laifi, da yardarsu ko ba da yardarsu ba, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 25. Ke nan a bayan kowace ɗaya daga yaran nan akwai laifin da aka aikata. Kuma waɗanda suka je asibiti ne kaɗai aka ƙidaya.

Mun rufe ƙofar da muke tsoro, amma wayar hannu ta shigo ta taga, tana karantar da 'ya'yanmu da dare abin da babu malamin da zai yarda da shi. Mutumin Tamale ya san ƙishirwar rani. Wanda ya hana yaro gurɓataccen ruwa, bai kuwa ba shi mai kyau ba, ya san inda yaron zai koma in ya juya baya.

Idan wani ya ce, "Ai gaya musu shi ne buɗe musu ido," sai in ce masa: mun karanta babin najasa tun muna yara, bai sa mun so najasa ba. Sanin ramin da ke kan hanya shi ke sa a kauce masa.

9. A gaya wa yarinya jikinta amana ne,
Ba mai taɓa shi, ko kawu ne ko mai dukiya.

10. A gaya wa yaro ƙarfi ba izini ba ne,
Ƙanwar wani tamkar taka ce wajen kariya.

Sharhi: Ga abin da nake ganin ya kamata a koyar, daki-daki, gwargwadon shekaru. Ɗan shekara bakwai, namiji ko mace, a sanar da shi iyakar al'aurarsa, da cewa ba mai ganinta ko taɓa ta sai uwa wajen wanka ko mai magani a gaban iyaye. A gaya masa duk babban da ya ba shi kuɗi ko alewa ya ce kada ya faɗa a gida, to wannan maganar ita ce ta farkon faɗa. A shekara goma a raba makwanci, a yi wa yarinya bayanin haila kafin ta zo mata, a yi wa yaro bayanin mafarki da wanka. In sun balaga a karantar da su hukuncin keɓewa da wanda ba muharrami ba, da yadda ciki ke samuwa, da cututtukan da ake ɗauka, da haramcin aika hoton tsiraici ko neman a aiko.

Mata su koyar da mata, maza su koyar da maza, da lafazi mai tsabta irin na littattafan fiƙihu. Wurin yin haka muna da shi: makarantun allo, da makarantun Ingilishi da Arabiyya da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci da gwamnati ta kafa a 1987, da zawiyoyi, da tarukan magajiyoyi. Akwai ƙungiyoyi a garin nan, irin su NORSAAC da Savana Signatures, da suka daɗe suna aiki da matasa a kan wannan fanni. Ya kamata malamai su zauna da su, su ji abin da suka gani, su karɓi mai kyau, su gyara wanda ya karkace.

Baiti na goma shi ya fi nauyi a wurina. Mun saba ɗora wa 'ya mace dukan wa'azi: rufe jikinki, kada ki fita, kada ki yi dariya. Namiji kuwa sai a ce ai namiji ne. Alhali a Suratun Nur, da aka zo umurnin runtse ido da tsare farji, da maza aka fara a aya ta 30, sannan mata a ta 31. Yarinyar da aka aika talla kasuwar Aboabo, da wadda ta fita ɗiban ruwa kafin gari ya waye, ba su da laifi don sun fita. A koya wa yaro tun yana ƙarami cewa namijin kirki shi ne wanda mace ta amince da sharrinsa a hanya da cikin gida, kuma miji ba shi da izinin dukan wulaƙanci ko cutarwa a shimfiɗa.

11. Rufin asiri na mai tuba ne ga Rabbana,
Mai cutar ɗiyar mutane ba a ba shi maɓoya.

12. An tara dattijai, an raba goro an watse,
An bar yarinya a ɗaki ita kaɗai da jinya.

Sharhi: Nan ne muka fi zamewa. Idan abu ya faru sai a ce a rufa asiri, a sasanta a gida, kada sunan zuri'a ya ɓaci. Wani lokaci a karɓi kuɗi, wani lokaci ma a ɗaura wa yarinyar aure da wanda ya cuce ta. Ku sani suturar da shari'a ta kwaɗaitar a kanta ta mai zunubi ce tsakaninsa da Allah. Amma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa don dattijai sun yi shiru, kuma wanda aka rufa wa asiri yau gobe 'yar wani zai taɓa. Suratun Nisa'i aya ta 148 ta ba wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin wata mace a Madina da ta fito za ta salla, wani ya fi ƙarfinta. Ta yi kururuwa, ta faɗa wa mutane, magana ta kai ga Manzon Allah. Ya saurare ta, bai ɗora mata laifi ba, hukunci ya hau kan namijin. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya tabbatar cewa wadda aka tilasta ba ta da uƙuba, uƙuba tana kan wanda ya tilasta ta, kuma zai biya ta sadakin irinta.

Saboda haka idan yarinya ta kawo ƙara, a fara da gaskata ta da kwantar mata da hankali. A kai ta asibiti da gaggawa, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72. A kai magana sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin iyali, wanda ake kira DOVVSU, yana da ofis a Tamale. Dokar yara ta 1998 ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, kuma tun 2018 hukumar ilimi ta ba yarinyar da ta haihu damar komawa makaranta. Kada a haɗa mata cuta biyu, ta azzalumi da ta iyaye.

13. Ya Rabbi tsare ɗiyanmu na birni da ƙauye,
Da masu dako a Kumasi suna ɗaukar kaya.

14. Na ƙare waƙa da salati ga Mustafa,
Ga Allah Shi kaɗai muke miƙa godiya.

Sharhi: Na ambaci 'yan matanmu na Arewa da ke tafiya Kumasi da Ankara, babban birnin ƙasa, suna dako a kasuwanni, da yawansu suna kwana a bakin shaguna. Yarinyar da za ta yi wannan tafiya, abin da uwarta da malamarta suka sanar da ita shi ne guzurinta. 'Ya'ya kiwo ne aka ba mu, kuma za a tambayi kowane makiyayi. Ina roƙon kowane limami ya ba wannan magana huɗuba guda, kowane malami ya fassara babin in ya iso shi, kowace uwa ta zauna da 'yarta kafin wani ya riga ta.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tona asirin azzalumi, ya warkar da wadda aka cuta. Amin.