Wanda Ya Tashi Bai Warke Ba

Malamanmu na fiƙihu, Allah Ya saka musu da alheri, sun yi wa majinyaci rangwame mai yawa, har Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka biya a zaure muna samari, ta bayyana yadda wanda ya gaza tsayuwa zai yi salla a zaune. Amma akwai wani mutum da jama'a ba su san sahun da za su sa shi ba, wato wanda ya tashi daga jinya, aka yi masa barka, alhali cutar ba ta sake shi ba.

Na ga irinsa a nan Darna Sabon Gari. Ɗan dako ne, wanda a da yakan saɓa buhun albasa a kasuwar Illela yana raha da abokansa. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta game duniya, iyakarmu da Birnin Ƙonni kuma tana rufe, zazzaɓi da tari suka kwantar da shi mako biyu, abinci ya daina yi masa ƙamshi, sannan ya miƙe. Tun daga ran nan, in ya taka daga gida zuwa masallaci, sai ya dafa bango yana haki, ga mantuwa, ga kasala wadda barci ba ya maganinta.

Likitoci sun san wannan hali, domin a watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi masa ta'arifi: alamomin da ake gani wajen wata uku bayan kamuwa da korona, su ɗauki aƙalla wata biyu, ba tare da an sami wata illa da za a jingina su gare ta ba. Mu kuwa al'adarmu ta yanke wa dubiya wa'adi, in an kwana bakwai ana cewa "ya jiki?", mai jiki yana amsawa "da sauƙi", shi ke nan an sallame shi, abin da ya biyo baya sai a kira shi ƙyuya ko son jiki.

A nan mas'alar take. Shin wanda ya ce "har yanzu ban ji daidai ba" ya warware haƙurinsa ne? A ganina bai warware ba, domin malamai sun bambanta ƙorafi a kan hukuncin Ubangiji da ba da labarin halin da ake ciki, kuma Annabi Ayyuba, alaihis salam, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya ambaci cutarsa ga Mahaliccinsa. Uzuri a shari'a yana rataye ne ga gazawar jiki, ko da zazzaɓi ya daɗe da tafiya.

Da azumin bara, ana zafin bazara, na tarar da ɗan dakon nan yana tarawihi a zaune can ƙarshen sahu. Da aka sallame, wani dattijo ya dube shi ya ce, "Kai kuwa, ba ka warke tuntuni ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da sauƙi, Baba."